Kwana Biyar a Turke

Ni tela ne. Na faɗi haka tun da fari don kada wani ya ɗauka gwanin dawaki ke ba shi labari. Keken ɗinki na sani, da almakashi, da yadda ake lallaɓar mutumin da ya zo karɓar rigarsa ya tarar ko yanka ta ba a yi ba. Doki kuwa gadonsa na yi. Mahaifina ya rasu da damina, shekara guda kafin a samu mulkin kai, ya bar mana gona a bayan garin Bodinga, da rumbu biyu, da wani jan doki, irin wanda ake kira aharas, da ya raina tun yana ɗan duƙushi. 'Yan uwana suka ce su gona suke so. Ni na ce a bar mini dokin. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai da ko akuya ba ka taɓa kiwo ba?"

Gaskiyarta. Amma dokin nan, bayan an kai mahaifina makwancinsa, kullum da safe sai ya juya kansa wajen ƙofar turaka ya yi haniniya a hankali, yana jiran mai fitowa. Na ji haka sau uku, na ce ba mai sayar da shi ina raye. Ban sa masa wani suna ba. Aharas muke ce masa, kamar yadda mahaifina ke kiransa.

Wanda ya hana ni kashe shi da jahilci a shekarar farko wani tsoho ne da ke kasa ciyawa kusa da rumfata a kasuwa. Baba mai ciyawa kowa ke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Da damina ɗanyar ciyawa, da rani harawa, abin da yake sayarwa ke nan tun kafin a haife ni. Gajere ne, haƙoransa jawur saboda goro, kuma bai taɓa mallakar doki ba, jakin da yake ɗora wa kaya ma na maƙwabcinsa ne. Amma duk mai doki tsakanin Bodinga da Shagari, in dabbarsa ta ƙi ci ko ta fara ɗingishi, gaban tulin ciyawar nan yake zuwa ya durƙusa.

A wancan zamani, in an yi girbi ko wani biki ya taso, masu dawaki kan haɗu a fili su yi tsere. Manoma ne da 'yan kasuwa, babu kwalliya, sirdi ne da linzami, wani ma ko sirdin babu. 'Yan kallo kuma su aza goro. Akwai wani mahauci da ke zama da ƙorai biyu a gabansa, kowace ƙwarya ta doki ɗaya, ka zuba goronka a ta wanda kake ganin zai ci. In an gama, waɗanda dokinsu ya ci su raba abin da ke cikin ɗaya ƙwaryar. Doka ɗaya ce tak, kuma kowa ya san ta: dokin da aka aza wa goro, in bai fito fili ba, ya faɗi ke nan, goron ya tafi. Liman ya sha faɗa cewa caca caca ce, ko da goro aka yi ta ko da tsakuwa. Ya yi gaskiya, Allah ya jiƙansa, ban taɓa musu ba. Baba kan sunkuyar da kai ya ce, "Na jiya, Allah shi gafarta malam." Ran tsere kuma ka gan shi tsaye gaban mahauci.

Bai wuce goro biyar yake azawa ba, amma shekara da shekaru ba wanda ya ga biyar ɗin nan sun tafi. Mutane suka gane, suka riƙa jira su ga inda hannunsa zai nufa. Shi kuma ya gane sun gane, sai ya koma zubawa a ƙarshe, lokacin da dawaki sun riga sun jeru.

Na taɓa tambayarsa ko duba yake yi. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na ba shi ruwa.

"Duba! Tela, ku in an ce maku doki ya ci, shi ke nan, kun miƙe kuna ihu. Ni sai in ce, wa yat tsere ma? Doki na, ko jaki mai sirdi? Bisa rairayi sunka yi ko bisa hwaƙo? Mahayin ƙato na ko ɗan sirit awa kai? Ya sha bulala kahin shi kai, ko da kainai yak kai?"

Ya ce akwai dokin da ke zuwa na biyu amma ya fi na farko, don an tare masa hanya ne ko mahayinsa ya cika nauyi, kuma irin wannan shi yake jira a karo na gaba. Na lura da wani abu kuma da idona. In an gama tsere kowa ya ruga wajen wanda ya ci, Baba sai ya ɓare goro ya jefa a baki, ya tsaya gefe yana kallon kwiɓin dawakin, na farko da na ƙarshe duka. Da goron yake auna lokaci. Dokin da hakinsa ya kwanta kafin ya cinye ɓari ɗaya, wannan a shirye yake, akwai sauran gudu a cikinsa. Wanda kuwa aka cinye goro guda yana nan yana huci, to ya ba da duk abin da ke gare shi. Kashegari kuma ba sai ya tambayi kowa ba. Tunda shi ke sayar musu da ciyawa, ya san wanda ya cinye tasa tas, ya san wanda ya bar ta tana bushewa a gabansa. Yakan ce dokin da ya yi tsere mai zafi ba a sake fito da shi sai kasuwa biyu ta ci, wato mako biyu. Na ji wannan magana ta fi sau ashirin ina taka keke, ina ce masa, "Haka ne, Baba," hankalina na kan wuyan riga.

Ana saura kwana shida bikin mulkin kai aka shirya tsere a wani fili kusa da Dandin Mahe. Mutanen Shagari suka zo da wani akawal, baƙi wuluk, na wani ɗan kasuwa mai fataucin albasa. An ce tun da ya fara gudu ba a taɓa ganin gabansa ba, sai wutsiyarsa. Ni ban je da niyyar shiga ba, wallahi. Kilisa na fita, wato ɗan zagayen motsa jini, hanya ta kai ni. Mutanenmu suka kewaye ni, wannan ya ce dokin mahaifinka ne fa, wancan ya ce ai tela ba shi da nauyi, iska ma ɗaukarsa take yi. Kafin in ankara ina kan layi.

Ba zan yi ƙarya in ce na iya hawa ba. Na dai ƙanƙame, na rufe baki don kada in cije harshe, Aharas ya yi sauran. Kafaɗa da kafaɗa suka tafi har kusa da ƙarshe, sannan ya miƙa wuya ya wuce da abin da bai fi kamu biyu ba. Kai! Ban taɓa jin sunana a bakin mutane da yawa haka ba. Aka sauke ni ana ɗaga ni sama kamar wani ango.

Da na samu kaina na waiwaya, na hango Baba a gefe yana tauna. Na je wurinsa ina washe baki. Bai ce mini barka ba. Ya nuna mini kwiɓin Aharas da haɓa, yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri, ya buɗe tafin hannunsa, babu komai ciki.

"Na cinye guda, ga shi nan shina haki. Kasuwa biyu, tela. Ka ba shi hutu."

Na ce to. Na ja shi da ƙafa muka dawo gida da marece, na ɗaure shi a turke ƙarƙashin bedin gidanmu, itacen da wasu ke kira dogon yaro, na yi masa alkawarin hutun da ba a taɓa yi wa doki ba. Kashegari Baba ya tafi Horo Birni sunan jikarsa, ya ce zai yi kwana huɗu.

A wajenmu in doki ya ci tsere, ba mai shi kaɗai ake yi wa barka ba, har dokin ake zuwa gaisarwa. Kuma ba a zuwa hannu banza. An gama yankan gero ke nan, kowane gida da sabon hatsi, to sai ƙorai suka fara shigowa. Wannan ya kawo gero, wancan dusa, wata tsohuwa daga Lambara ta aiko da tsaki a ƙulle cikin zane. Mai kawowa kuwa ba ya tafiya sai ya ga dokin ya sa baki a cikin ƙwaryarsa, don ya je ya ba da labari. Ta yaya za ka dubi abokin mahaifinka, ya tako da kansa da hatsin gonarsa, ka ce masa a ajiye sai gobe? Ba a yi. Inna ma, wadda ta ce ko akuya ban iya kiwo ba, ita ce ta koma jiƙa masa dusa da kanwa, tana kiransa ɗan albarka.

Ni kuma aiki ya rufe ni. An kawo mini ɗinkin tutoci, kore da fari da kore, da kayan 'yan makaranta, ga kowane magidanci na son sabuwar riga ta ran biki, kuma kowa ya rantse tasa ce ta fara zuwa. Na ɗauko keken daga rumfa na kawo gida, daga fitowar rana har faɗuwarta ƙafata na kansa. Da can kullum nakan fita da Aharas kilisa safe ko marece. Yanzu sai na ce ai ga shi daidai: Baba ya ce hutu, ni kuma ba ni da sarari. Na bar shi tsaye a inuwa, yana ci, yana sha, ko taku goma bai yi ba. A ganina gata nake yi masa.

A kwana na biyu manzo ya zo daga Shagari. Mai akawal ya ce sa'a ce muka taka, in mun isa a sake karawa a Bodinga ran biki. A ƙofar mai gari aka isar da saƙon, ina durƙushe na kawo masa rigarsa. Mai gari, dattijo mai son garinsa, ya dube ni ya yi murmushi.

"Tela, mi za mu ce masu?"

Maganar kasuwa biyu ta faɗo mini a rai, ba zan ɓoye ba. Amma ga fadawa na kallona, ga manzon Shagari na murza gemu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ce masu mun karɓa." Da la'asar mai gari ya aiko da taikin sabon gero, wai na Aharas shi kaɗai.

In ka ga dokin a kwana na huɗu, kai ma da ka aza goronka. Jikinsa na ƙyalli kamar an shafa masa mai, ya cika ya batse, yana tono ƙasa da kofato, yana fizgar igiya. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, tabɗi, akawal ya shiga uku.

Baba ya dawo a kwana na biyar, ana gobe biki. Tun a hanya ya ji labari, ko gida bai biya ba ya yi sallama a ƙofarmu bayan la'asar. Na tashi daga kan keke na raka shi gindin bedi, ina jiran yabo. Ko fuskar dokin bai duba ba. Ya sa sandarsa ya tona kashinsa, ga ƙwayoyin gero nan ɗanyu yadda suka shiga, ga wani tsami na tashi. Ya durƙusa ya danna babban yatsa a ƙafar baya, sama da kofato, ya ɗauke, gurbin yatsan ya zauna bai ciko ba. Ya miƙe a hankali.

"Sau nawa yab bar turken ga tun da kunka dawo?"

Na ce, "Ko sau ɗaya, Baba. Ai kai ka ce hutu."

"Mi kake ba shi?"

Na nuna masa taikin mai gari da ƙoran da ke jere.

"Innalillahi," in ji shi. Ya zauna a kan turmi. "Tela, hutun doki tahiya ta. A rage mai hatsi, a ba shi ciyawa, a ja shi sannu sannu sahe da marece har gajiya ta hita. Kai ka cika tukunya ka ruhe ta, gobe kana son ka hura mata wuta. Na ga irin wanga sau biyu. Guda ya tashi, guda bai tashi ba. Don Allah, don darajar mahaihinka, kada ka hito da shi gobe."

Na ce ya dube shi mana, dokin da ke neman tsinke igiya ne ba zai iya gudu ba? Ya ce wannan ƙarfin na ƙarya ne, zafin hatsi ne. Na ce na riga na amsa gaban mai gari. Ya ce shi zai je ya durƙusa ya ba da haƙuri, kunyar ta hau kansa. Na gaji, idona na yaji saboda zare da allura, ga riguna bakwai na jirana, ga tsoho na neman ɓata mini ranar da na fi ɗoki a rayuwata. Sai bakina ya kuɓuce.

"Baba, ko dai goronka na cikin ƙwaryar Shagari ne?"

Ash! Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Inna ta ji daga bayan zana, ta ce, "Kai! Da bakinka?" Baba ya miƙe daga kan turmi. Ya dube ni, ya dubi Aharas, ya shafa masa wuya, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da safe fili ya cika. Tutocin da na ɗinka na kaɗawa a kan gorori, wato sandunan gora, 'yan makaranta sun yi maci sun gama, mutanen Shagari sun zo da yawansu. Mahauci ya ajiye ƙoransa. Kowa na riƙe da goro a hannu ana jan ƙafa, ana jiran a ga alamar inda Baba zai karkata, ko da yake an san sai ƙarshe yake zuwa. Sai ga shi ya keto taro tun ba a kira dawaki ba. Ya kwance ƙunshin goronsa gaba ɗaya, na cinsa na mako, ya juye a ƙwaryar Aharas a gaban idon kowa. Sannan ya taho inda nake tsaye, ya kama ragama, ya yi ƙasa da murya.

"Ka gani. Yanzu in ka mai da shi gida, ni ka hasara. To mai da shi gida, ɗana."

Na ji shi sarai, ba zan ce hayaniya ta hana ni ba. Amma kafin ya rufe baki fili ya ɗauki ihu. "Baba ya aza! Baba ya aza ma Aharas!" Mutane suka yi ca a kan mahauci, har waɗanda ba su taɓa caca ba, har wasu 'yan Shagari da suka saki nasu dokin. Ƙwarya ta cika aka kawo kwando. Baba ya juya yana ɗaga hannu yana cewa ku tsaya, ku tsaya, wa zai ji shi? Na dubi tulin goron nan, na tuna doka: in ban fito ba, duk na garinmu ya tafi, kuma ni na zubar. Sai na lallashi kaina da cewa ai hannun Baba ya fi bakinsa gaskiya, in da bai yarda da dokin ba da bai juye ƙunshinsa ba. Na zare ragamar daga hannunsa na hau.

Za a je wata kuka ne a kewayo ta a dawo. Da aka saki, Aharas ya fita kamar an harba shi, akawal na baya da tsawon doki uku. Na ji daɗi har na yi ihu. Kafin mu kai kukar na ji takunsa ya gajarce, kamar an ɗaure masa ƙafafun baya. Gumi ya keto masa, ba irin na gudu ba, yana zuba har yana jiƙa mini wando. Akawal ya zo ya wuce. Ni kuwa, wawa, na ɗauka ƙyuya ce ta kwana biyar. Mahaifina bai taɓa sa masa bulala ba, ni na sa masa, har sau biyu. Kuma ya yi ƙoƙari, wannan shi ya fi ci mini rai. Ya yunƙura ya ƙara taku kamar goma don na ce ya yi, sannan ya tsaya cak, ƙafafu a ware, jikinsa na rawa.

Na diro. Na taɓa ƙugunsa na ji shi tauri kamar gindin turmi. Ya yi fitsari a gabana, baƙi kamar jiƙon bagaruwa. A nan na san na kashe dokin mahaifina, na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka.

Mutane suka iso, wasu na zagi, wasu na cewa a ja shi a fitar da shi daga fili. Har an kama linzami sai ga Baba a guje, tsohon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, hularsa ta faɗi a hanya bai tsaya ɗauka ba.

"Ku sake shi! Wanda duk yaj ja shi, shi yak kashe shi. Nan za shi tsaya har jikinai shi saki."

Ya sa aka kwance sirdi. Ya aika a kawo zana, da aka rasa abin kafa ta ya tumɓuke gorori biyu na tuta, ya naɗe tutocin da kyau ya miƙa mini, aka yi wa Aharas rumfa a tsakiyar fili. Ya ce in tuɓe sabuwar rigata, aka jiƙa ta da ruwan ɗumi aka lulluɓe masa ƙugu. Ruwa kaɗan kaɗan, akai akai, da ɗanyar ciyawa in ya so, hatsi kuwa ko ƙwaya. Mai akawal, Allah ya saka masa, da ya ga abin da ya faru bai yi zagayen murna ba. Ya sauko ya zo ya tsaya a kanmu, ya ce, "Sannu, tela. Allah shi tashe shi." Kashegari ya aiko da tulu biyu da zana sabuwa tun daga Shagari.

Kwana uku muka yi a filin nan, ni da Baba, gari na can ana kaɗe-kaɗe. A rana ta biyu da azahar, muna zaune a inuwar zana, na ce masa ya yafe mini abin da na faɗa. Ya ci gaba da korar ƙuda daga idon dokin da reshen bedi.

"Wancan ya wuce tun ran nan," in ji shi. "Ni ya kamata in roƙe ka. So nai ka ga ba ni da riba cikin hana ka, in ka gani ka ji maganata. Na manta ana kallon hannuna. Da na bar goron ga aljihu, wataƙila da ka iya juyawa."

Na ce ba shi ya hau ba, ba shi ya riƙe bulala ba. Ya ce to, mu raba, kowa ya ɗauki nasa. Ni kuwa ina ta kuka kamar ƙaramin yaro, da gemuna.

A rana ta uku fitsarin ya fara washewa. A ta huɗu Baba ya ce a gwada. Tafiyar da ba ta fi ta shan ruwa ba, sai da muka yi rabin safiya kafin mu kai gindin bedi. Inna na tsaye a ƙofa, ta riga ta kwashe ƙoran nan duka ta ɓoye, taikin mai gari kuwa mu muka ci shi tuwo.

A kasuwa aka yi ta yi wa Baba tsiya. Gwani ya faɗi, tsufa ya zo, a duba ko goro ya toshe masa ido. Na tsaya a bakin rumfata na faɗa wa duk mai saurare cewa ya hana ni, ni na ƙi ji. Suka ce to me ya sa ya aza? In na fara bayani sai su yi dariya su wuce, nasu labarin ya fi musu daɗi. Shi kuwa bai taɓa kare kansa ba, kuma daga ranar bai sake tsayawa gaban mahauci ba. Liman ya riƙa faɗa wa mutane cewa wa'azinsa ne ya ratsa tsohon a ƙarshe. Baba ya ce, "Hakanan na, Allah shi gafarta malam," ya bar masa.

Aharas ya rayu. Amma naman cinyarsa ta dama ya zube, wurin ya lotsa, in yana tafiya sai ya riƙa jan ƙafar kaɗan. Masu saye sun zo, mahauta ma sun zo, na kore su da almakashi a hannu. Kullum da safe Baba kan ware damin ciyawa ɗaya mafi laushi ya ajiye masa gefen rumfata. Ni kuma kafin in buɗe keke, da kuma bayan na rufe, sai in kwance Aharas in ja shi da ƙafa mu kewaya bayan gari, ko sallah ce gobe, ko riguna nawa ke jira. Shekara tara muna haka, har Baba ya riga shi tafiya, har shi ma ya bi.

Hanyarmu ta gefen filin nan take bi, babu wata. In an yi sa'a babu kowa, mu wuce lafiya. In kuwa samari na sukuwa, tun daga nesa zai ɗaga kunnuwa, ya buɗe hanci, ya fara fizgar ragama. Nakan ɗan sassauta masa, don ba na iya hana shi. Ya yi taku uku ko huɗu da sauri, ƙafar ta ƙi, ya tsaya. Sai ya juyo ya dube ni, ya sa hancinsa a kafaɗata kamar yadda yake yi wa mahaifina, ko alamar riƙo babu. Ni kuwa in kama ragamar in ce, "Sannu, Aharas. Mu je gida."